Wa ke raba ƙasa a Damargu?

Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikata a kan majalisun gari, burtali da iyakar noma



Sarakuna da wakilansu, alhazai ƴan kasuwa, malaman lakol, ma'aikatan lafiya da na gidan gona, iyaye mata, barkanku da zuwa. Maganar yau maganar ƙasa ce, wato ƙasar da ake shuka a kanta, ake kiwo a kanta, ake yanka ta filaye ana sayarwa. Tambaya guda ce, ko da yake amsarta na da rassa: idan aka ce wannan wuri gona ne, wancan burtali ne, na can kasuwa ne, wa ya faɗa, kuma da wane iko?

Damargu ba baƙuwar wannan tambaya ba ce. Tun kafin zuwan Nasara ita ce rumbun Abzin. Ayarin Kel Ewe da ke kai da komo tsakanin Kano, Damagaram da Agadas a nan yake sauke kaya ya ɗauki gero, kuma da wannan geron ake sayo gishiri da dabino a Bilma. A watan Janairu na 1851, a Tagelel, Bature Barth ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, kowa ya kama hanyarsa. Dagirawa da Hausawa na noma, Buzaye na da raƙuma da takobi, daga baya Fulani suka yawaita da shanunsu. Zaman yana da daɗinsa da ɗacinsa, an sha hari, an sha biyan gaisuwa ga mai ƙarfi. Amma manomi na bukatar takin garke da raƙumin da zai kai masa hatsi kasuwa, makiyayi na bukatar gero da karan gona bayan kaka, kuma daji na da faɗin da zai ɗauki kowa.

Faɗin nan ne ya ƙare. A 1960 mutanen Nijar duka ba su wuce miliyan 3 da wani abu ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17, kuma a wannan ƙidayar gundumar Tanut kaɗai ta haura mutum 400,000, ta Belbeji ta kusa 100,000.

Shekara ɗaya bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta ja layi. Doka mai lamba 61-05 ta ranar 26 ga Mayu 1961 ta kafa iyakar noma ta arewa, wadda ta bi wajen inda ruwan sama ke kai milimita 350 a shekara, ta ratsa ƙasar Tanut. Kudu da layin ƙasar noma ce. Arewa da shi an hana buɗe sababbin gonakin damina, in ban da ɗan abin da makiyayi zai shuka don bakinsa da lambunan da ke bakin ruwa. Har dokar ta ce wanda ya yi gona a can, bisashe suka ci, ba shi da diyya. Doka ce mai sauƙin fahimta, kuma har yanzu ba a soke ta ba. Sai dai kowa a cikin wannan zaure ya san inda gonaki suka kai. Farin 1973 da 1974 ya kashe garkuna, na 1984 ya ƙarasa saura, makiyayan da suka wayi gari ba ko akuya suka ɗauki hauya. Daga kudu, inda ƙasa ta gaji kuma gādo ya yayyanka ta, manoma suka yi ta haurowa. A Disamba 1974 Seyni Kountché ya ce gona ta mai noma ta ce. Niyyarsa ya ƴantar da talaka daga masu ƙasa, amma a bakin daji mutane sun ji wani abu dabam: duk inda ka sare, naka ne. Ƙauye kan kafu arewa da layi, a naɗa masa maigari, a sa shi cikin rajistar lampo, a gina masa aji biyu da rijiyar siminti. Hukumar da ta hana zaman ita ce ta karɓi haraji a kansa.

Abin da irin wannan ruɗani ke haifarwa an gan shi a Toda, cikin jihar Maradi, a ƙarshen Oktoba 1991, ana tsakiyar Babban Taron Ƙasa a Yamai. Rikicin ɓarnar gona ya ƙare da kisan Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Toda ba Damargu ba ce, amma bakin zaren ɗaya ne.

Daga nan aka samu dokar ranar 2 ga Maris 1993, mai lamba 93-015, wadda ta shimfiɗa ginshiƙan Kundin Karkara, Kod Rural a bakin ma'aikata. Ya kamata a tsaya a kanta, domin mutane da yawa na jin sunanta ba su san abin da ke ciki ba. Abu na farko, ta daidaita mallakar gargajiya da mallakar takarda: gonar da mutum ya gada daga kakansa tasa ce a gaban shari'a, ko da babu hatimi. Abu na biyu, ta ba makiyaya haƙƙin fifiko a mazauninsu na asali, wurin da suke komowa kowace shekara, inda rijiyarsu take. A lura da kalmar, fifiko aka ce, ba a ce mallaka ba. Mai rijiya shi zai fara shayarwa, shi zai tsara layi, amma ba shi da ikon korar baƙon garke ya mutu da ƙishirwa. Dokar Janairu 1997 ta ƙara fayyace wannan. Abu na uku, ta ƙirƙiro hukumomin ƙasa da ake kira Kofo. An fara gwada su a 1994 a Mirya da Maine Sorowa, sannan suka bazu hawa uku. Ta gunduma, perfe ke shugabantarta. Ta ƙaramar hukuma, magajin gari. Ta ƙauye ko ta ruga, maigari ko shugaban ƙabila. A cikinsu akwai ma'aikatan noma, kiwo da gandun daji, akwai sarakuna, akwai wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Su ke shaida saye da sayarwa, kyauta, aro, haya da jinginar gona, su ke bin burtali da makiyaya da tafkuna su sa musu alama, su rubuta su cikin rajista.

A kan takarda da wuya a sami tsarin da ya fi wannan a Afirka ta Yamma, har maƙwabta na zuwa su koyi darasi. A ƙasa kuwa, Kofo na rayuwa ne da numfashin proje. In masu ba da agaji sun zo da mota da mai da kuɗin zama, sai a fita a kafa turakun siminti a bakin burtali, a ɗauki hoto. In proje ta naɗe tabarmarta, sakataren Kofo ya koma ofis ba takarda ba babur. Bayan damina biyu turken na tsakiyar gonar wani, wake ya nannaɗe shi.

To, ina majalisar gari a cikin wannan? Ita ma tarihinta gajere ne, kuma cike da tuntuɓe. Taron Ƙasa na 1991 ya yi alkawarin miƙa mulki ga jama'a, yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen arewa ta sake ɗaure alkawarin. Zaɓen farko na Fabrairu 1999 an soke sakamakonsa a wurare da dama, kuma ranar 9 ga Afrilu aka kashe shugaba Bare, maganar ta bi ruwa. Dokokin Yuni 2002 suka yanka ƙasar ƙananan hukumomi 265, aka zaɓi kansilolin farko ranar 24 ga Yuli 2004. Damargu ta samu shida: Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko, Tenhiya da Tarka. A 2011, da aka ɗaga Belbeji ta zama gunduma, sai ta tafi da Tarka ita kaɗai, wato perfe guda yana duban magajin gari guda, abin da ke sa mutum ya tambaya ko an ƙara mulki ne ko an ƙara ofis. Kansilolin Disamba 2009 ba su yi wata biyu ba juyin mulkin Fabrairu 2010 ya zo. Na Janairu 2011 an zaɓe su shekara biyar, aka yi ta ƙara musu wa'adi har Disamba 2020. Waɗanda aka zaɓa a 2020 kuwa, hukumomin soja da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 sun rusa majalisunsu a Afrilu 2024, suka naɗa kantomomi. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa su ma. Shekara 20 ke nan na gwaji, kuma ya isa a yi masa hisabi.

Kundin ƙananan hukumomi na 17 ga Satumba 2010 ya ba majalisar gari aiki mai nauyi. Kafin a rusa majalisun a 2024, ita ke amincewa da kasafin kuɗi da tsarin raya ƙaramar hukuma na shekara biyar. Ita ke yanke shawara a kan kasuwa, tasha, mahauta da yankan filaye. Tana zama sau huɗu a shekara, ƙofa buɗe, duk ɗan ƙasa na iya shiga ya saurara. Sarakuna da ƴan majalisar dokoki na yankin suna zama a ciki da bakin shawara, ba su da ƙuri'a. Perfe na duba ko shawarar ta dace da doka. A Janairu 2016 gwamnati ta sa hannu a kan miƙa wa ƙananan hukumomi fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. An miƙa kayan, igiyar ɗaurinsu ta tsaya a Yamai. Hukumar ANFICT da aka kafa a 2008 don ta tallafa musu da kuɗi ba ta samu abin da zai ishi bukata ba.

Saboda haka magajin gari ya dogara da abin da zai tara a gida. Lampo na kan mutum, wanda a zamanin arondisman yake dala 140, ya zama abin da ake biya in an ga dama, tun ranar da ƴan siyasa suka gano cewa mai matsa wa jama'a a kan haraji ba ya cin zaɓe. Abin da ya rage biyu ne: tikitin kasuwa, musamman kasuwar bisashe, da sayar da filaye.

Kasuwar bisashe ita ce saniyar tatsa. A Tanut, a Belbeji, a Bakin Birji, raƙumi da sa da rago su ke cika asusun ma'aikatar magajin gari, ana biya a kan dabbar da aka shigo da ita, ana biya a kan wadda aka sayar. Ga abin mamaki a nan. Makiyayi ne ke ciyar da ƙaramar hukuma, amma shi ne ba ya cikin zauren. Ranar rajistar masu zaɓe yana mashaya, ranar zaɓe yana kan hanyar kudu ko ta Ingal, sunansa na cikin rajistar wani shugaban ƙabila da ke zaune wata ƙaramar hukuma dabam. Kansila kuwa ɗan ƙauye ne, manoma suka zaɓe shi. In aka kawo maganar burtalin da gonaki suka cinye, hannun wa zai ɗaga ya ce a tumɓuke geron masu ƙuri'arsa? Ba sai an kira shi mugu ba, lissafi ne kawai yake yi. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, wadda aka kafa a 1990, sun daɗe suna nuna wannan giɓi.

Filaye kuwa, ma'aikata sun fi kowa sanin labarinsu, tun da akwai lokacin da gwamnati da kanta ta biya bashin albashi da su. Yankan filaye, lotisman, hanya ce ta samun kuɗi a yini ɗaya. A karɓi gonakin bakin gari, a ba masu su wani kaso na filayen a madadin diyya, a sayar da saura a biya albashin ma'aikatan magajin gari. A faɗin ƙasar nan an ga inda taswira ta nuna filin makaranta, filin likita, filin kasuwa, bayan shekara biyar aka tarar da katangu a kansu. An ga inda aka yanka filaye a kan hanyar ruwa, aka ga inda aka yanka su a bakin burtalin da garke ke bi ya shiga kasuwa. Ƙasa ba gero ba ce da za a sake shukawa baɗi. Ƙaramar hukumar da ta sayar da filinta don ta biya albashin wata uku ta ci jarinta ne.

Akwai kuma shawarwarin da suka fi ƙarfin zauren gaba ɗaya. Matatar mai ta SORAZ, wadda Tandja Mamadou ya aza harsashinta a Oktoba 2008 aka buɗe ta ranar 28 ga Nuwamba 2011, tana cikin ƙaramar hukumar Olelewa, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin da kashi 60, Nijar da 40. Wurin da aka kafa ta, gonakin da ta ci, ruwan da take sha, duk a Yamai aka yanke su. Ba laifi ba ne ƙasa ta gina matata, amma yana da kyau a san girman kujerar kansila kafin a ɗora masa laifin komai.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi wa wannan zaure daɗi ba. An saba cewa rikicin ƙasa na manomi ne da makiyayi, talaka da talaka. Tun bayan farin 1984, wa ya sayi bisashen da aka karyar da farashinsu? Alhazan birni da manyan ma'aikata. Yau garken da ya fi girma a bakin rijiya sau da yawa mai shi na zaune a kanti ko a ofis, Bafulatanin da ke bayansa ɗan ƙwadago ne. Mai irin wannan garke ba ya son layi a mashaya. Sai ya nemi izinin gina rijiyarsa, ya zuba siminti, ya sa mai gadi. A ƙasar da rani ke wata takwas, wanda ya riƙe ruwa ya riƙe duk ciyawar da ke kewaye da shi, ko da bai kafa shinge ko ɗaya ba. Wani kuma gona yake buɗewa arewa da layi, ba don geron ba, don ya kafa hujjar cewa wurin nasa ne, ko don ya ci tarar wanda shanunsa suka faɗa ciki. Wani amalanke da mota yake aikawa su kwashe ciyawar daji tun kaka, a tara ta, a sayar wa makiyayin da ita a watan Mayu da tsadar da ya ga dama.

Duk waɗannan doka ta san da su. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, mai lamba 2010-029, ta ce yawon kiwo haƙƙi ne da hukuma za ta kare. Ta tabbatar da iyakar 1961, ta hana wani ya mallake yankin kiwo shi kaɗai. Ta sa tazara tsakanin mashaya da mashaya: kilomita 15 ga rijiyar gargajiya, 20 ga ta siminti, 30 ga foraj, don kada a tara garkuna wuri guda su cinye daji har ƙasa. Ta sa kwasar ciyawa don sayarwa a ƙarƙashin izini. Ta ce ranar sakin gonaki gwamna ke tsayar da ita bayan an ji bakin manoma da makiyaya. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bi ta teburin magajin gari ko na Kofo kafin ya tabbata. Ke nan takardar da ta halatta rijiyar alhaji, hannun wani ɗan Damargu ne ya sa mata hatimi. Ba daga Yamai aka aiko shi ba.

Ayyukan taimakon jama'a ba sa bukatar dogon bayani, kowa ya gan su. Bankunan hatsi da aka yawaita bayan yunwar 2005, wadda ta taɓa Tanut ƙwarai, azuzuwa da ɗakunan shan magani na shirin musamman na Tandja, gidan manoma na shirin 3N, aikin haƙar rabin wata da share hanyoyin tare gobarar daji. Wasu sun yi amfani. Wurin da majalisa ke da baki shi ne zaɓen ƙauyen da za a kai su, kuma a nan ne aka fi jin ƙorafi: bankin hatsi na bin ƙauyen kansila, rijiya na bin ƙauyen da ya yi ƙuri'a daidai. Abin da ba a cika lura da shi ba, rijiyar siminti da aji biyu a tsakiyar makiyaya su ma yankan ƙasa ne. Inda aka kafa su, gari zai kafu, gonaki su biyo.

Masu cewa gara kantoma da kansila suna da hujjarsu. Kantoma ba ya neman ƙuri'ar kowa, yana iya buɗe burtalin da kansila ke tsoron taɓawa. Amma wanda ba ya neman ƙuri'arka ba dole ba ne ya saurare ka, kuma in ya sa hannu a kan rijiya ko lotisman, babu zaman majalisa da za a tashi a tambaye shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Majalisun da aka rusa suna da aibi mai yawa, sai dai a zaurensu ne kaɗai aka taɓa ganin ardo, maigari, ƴar kasuwa da malamin lakol sun zauna suna gardama a kan kasafin kuɗi, kuma dokar kaso ta 2000, wadda aka ɗaga zuwa kashi 25 cikin ɗari a 2019, ta shigar da mata inda da ba a ko sallama da su.

Ko da kansila ko da kantoma, takardun na nan, kuma na jama'a ne. Akwai rajistar Kofo ta kowace ƙaramar hukuma, inda ya kamata a ga kowane burtali da faɗinsa, kowace makiyaya da iyakarta. Akwai jerin rijiyoyin da aka ba izini, da sunan wanda aka ba da shekarar. Akwai taswirar kowane lotisman da filayen da aka keɓe wa jama'a. Akwai lissafin abin da kasuwar bisashe ta shigar a shekara da abin da aka mayar mata, ko shinge ne, ko ruwan sha, ko wurin lodin mota. Ƙungiyar ƴan kasuwa da sandikan ma'aikata suna da nauyin da makiyayi ɗaya ba shi da shi, in suka nemi a liƙa waɗannan a ƙofar ma'aikatar magajin gari, da Faransanci da Hausa da Tamajak da Fulatanci, a kuma karanta su a rediyon gari. Dokar 1993 ta tanadi kowace jiha ta yi taswirar tsarin ƙasarta, wadda za ta nuna gona, kiwo da gandu. Jihar Doso ce ta fara kammala tata a 2018, shekara 25 bayan dokar. A babban taron ƙasar karkara na Fabrairu 2018, da cikin manufar ƙasa da aka amince da ita a 2021, an sake ɗaukar alkawarin. Abin da ya shafi Damargu a cikin irin wannan taswira shi ne a faɗi a fili matsayin ƙauyukan da suka kafu arewa da layin 1961, waɗanda ba mai iya tashinsu yau, a kuma faɗi inda gona za ta tsaya daga kwarin Tarka har zuwa Tenhiya.